Dokoki goma na Attaura cikin harshen hausa: nahawu, ma'ana da zaman kirista na yau

1. Gabatarwa

Bisa ƙidayar jama'a ta 2012, kiristoci ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na al'ummar Nijar ba. To amma da yawa daga cikinsu, musamman a jihohin Maraɗi, Tawa da Damagaram da kuma yankin Dogondutsi, da hausa suke addu'a, da ita suke karatun Littafi Mai Tsarki, da ita kuma suke koya ma ƴaƴansu abin da Allah ya umarta da abin da ya hana. Wannan ƴar maƙala ta shafi nassi guda daga cikin waɗanda ake koya ma yara tun suna ƙanana, wato dokoki goma da aka ba annabi Musa, waɗanda ke cikin Fitowa 20:1-17 da Maimaitawar Shari'a 5:6-21. Ba wa'azi muka nufa ba, ba kuma jayayyar addini ba. Abin da muke so mu nuna shi ne, duk wanda ya juya wannan nassi daga ibraniyanci zuwa hausa, harshen da kansa yana tilasta mashi yin zaɓi a wuraren da mai fassara zuwa faransanci zai wuce bai lura ba. Zaɓin nan kuwa ba ya tsayawa bisa takarda. Yana bin mai karatu har cikin gidansa da rumfarsa ta kasuwa, domin shi ke fayyace mashi wa ake yi ma magana, da abin da ake nema gare shi.

Nassin ya daɗe da shiga hausa. Tun 1859 aka buga littafin Fitowa da hausa a birnin London, fassarar J. F. Schön, wani Bajamushe mai aiki ma ƙungiyar mishan ta cocin Ingila. Daga cikin waɗanda ya ji hausa a bakinsu akwai Dorugu, yaron nan ɗan ƙasar Damagaram da Heinrich Barth ya tafi da shi Turai a 1855. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932, Walter Miller na Zariya na kan gaba wajen aikin, sannan aka kammala sabuwar fassara a 1979. A Najeriya aka yi duka biyun, da hausar gabas, kuma su ne suka shigo nan ta hannun ƴan mishan na SIM, waɗanda suka zauna Damagaram a 1924, suka buɗe asibitin Galmi a 1950. Ke nan kiristan Tsibiri ko na Madawa yana karanta umarnin Allah cikin karin harshen da ba nasa ba ne sak. Wannan matsala ce ta dabam, ba za mu tsaya kanta ba a nan.

2. Doka ko magana?

Mu fara da sunan. Attaura ba ta kira su dokoki ba. A wurare ukku da ta ambaci adadinsu (Fitowa 34:28, Maimaitawar Shari'a 4:13 da 10:4) kalmar ibraniyanci ita ce «debarim», jam'in «dabar», wato magana ko batu. Masu fassara zuwa girkanci sun riƙe haka, suka ce «deka logoi», maganganu goma, kuma daga nan faransanci ya samu «décalogue». Bahaushe kuwa da «dokoki goma» ya san su.

Kalmar doka tana da nata kaya. A bakin jama'a doka daga sama take saukowa, daga sarki ko gwamnati, kuma da horo take tafe: dokar hana fita, dokar ta-ɓaci, ɗan doka, taka doka. Tsofaffinmu sun san dokar zamanin Nasara, wadda ta ba kumandan ikon ɗaure mutum ba shari'a, da aikin tilas da ba a soke ba sai a 1946. Wanda ya ji an ce doka, abu na farko da ke zo mashi a rai shi ne mene ne hukuncin wanda ya karya ta, na biyu kuma ta ina za a kauce. To nassin da muke dubawa bai faɗi hukuncin sata ba, bai faɗi na zina ba. Waɗannan suna cikin wasu surori na dabam. Bugu da ƙari, bai fara da umarni ba. Jimlarsa ta farko gabatar da kai ce: Allah yana faɗin ko shi wane ne, yana tuna ma mutanen cewa shi ya fisshe su daga bautar Masar. Sai bayan wannan hani ya biyo. Yahudawa ma wannan jimla suke ƙidayawa a matsayin magana ta ɗaya.

Malaman kirista sun ɗora abu mai yawa bisa wannan jeri. A ganinsu kuɓutarwa ce ta riga, biyayya ta biyo baya a matsayin amsa. Littafin koyarwa na Heidelberg na 1563, wanda ya kasu kashi ukku (halin ƙuncin ɗan adam, kuɓutarsa, godiyarsa), cikin kashi na ukku ya saka dokoki goma, ƙarƙashin godiya. Ikkilisiyoyin bishara na ƙasarmu, da suka fito daga aikin SIM, suna nanata wannan batu ƙwarai, suna dogara da Afisawa 2:8-10: ceto kyauta ne, aikin kirki ƴaƴansa ne. Sai dai harshen yau da kullum yana jan mai sauraro zuwa wani gefe. Kalmomin da bahaushe ke auna hali da su, lada da zunubi da alhaki, kalmomin lissafi ne: ana samun lada, ana tara ta, ana ɗaukar alhaki, ana biyan sa. Ita kanta kalmar «alheri», da aka zaɓa domin fassara «charis» ta girkanci, a zaman duniya na hausawa abu ne da ake ramawa. Wanda aka yi ma alheri ranar biki ya san an bi shi bashi. Mai wa'azi da ke son ya ce alherin Allah ba ya da ramuwa, yana kokawa ne da ma'anar da kalmar ta riga ta ɗauko. Amma a ganinmu wannan ma'ana ba gaba ɗaya take cutar da saƙon ba, domin ita ce ke sa bahaushe ya gane nan take cewa wanda aka yi ma alheri ba ya zama kamar wanda ba a yi ma ba. Ana jiran a gani a halinsa. Abin da mutanen Heidelberg suka kira godiya ke nan.

Wani abu da ke rikita ɗalibai shi ne ƙidaya. Nassin bai sa lamba ba, kuma umarnin da ke cikinsa sun ɗara goma, saboda haka sai an haɗa wasu. Katolika da mabiya Luther sun bi tsarin Agustin, malamin nan na arewacin Afirka: sun haɗa hanin bauta ma wasu alloli da hanin sassaƙa gumaka, sun raba hanin ƙyashi gida biyu. Ikkilisiyoyin gabas da mabiya Calvin, tare da galibin masu bishara, sun ware hanin gumaka shi kaɗai, sun bar ƙyashi guda. Sakamakon haka, in ɗan Katolika na Maraɗi ya ce wane ya karya doka ta shidda, zina yake nufi. In maƙwabcinsa na ikkilisiyar bishara ya faɗi haka, kisankai yake nufi.

3. Siffar hani, da wanda ake hanawa

Takwas daga cikin goman hani ne, biyu kawai ke umarni da aikatawa (ranar hutu da iyaye). Ibraniyanci na da hanya biyu ta hani. Akwai «al» tare da gajeriyar siffar aikatau, wanda galibi na nan take ne, irin na uwa ga ɗanta. Akwai kuma «lo» tare da siffar da ba ta kammala ba, wanda ya fi ƙarfi, kuma ba ya da iyakar lokaci. Na biyun ne ke cikin nassinmu. Faransanci ya maida shi da lokaci mai zuwa tare da korewa. Hausa fa? Mu dubi waɗannan misalai:

(1) Kada ka taɓa tukunyar nan.
(2) Ba za ka fita ba yau.
(3) Ba a miƙa ma babba abu da hannun hagu.
(4) Banda shan taba a nan.

Duka huɗun hani ne, amma ba nauyinsu ɗaya ba. Misali na (4) na allon sanarwa ne, ba shi da mai magana. Na (3) shi ya fi kusa da ma'anar dawwama, domin da shi al'ada ke magana: ba jiya ba, ba yau ba, ba a yi. Illarsa ita ce wakilin suna «a» ba ya nuna kowa, alhali nassin mutum guda yake fuskanta. Fassarorin hausa sun tsaya tsakanin (1) da (2). Siffa ta (2) ta bi ibraniyanci da harsunan Turai sau da ƙafa, amma a kunnen bahaushe tana da fuska biyu: tana iya zama yanke magana irin na maigida da ba ya son a ja da shi, tana kuma iya zama labarin abin da zai faru kawai. Siffa ta (1), wadda a hausar yamma mukan ji ta «kak ka» ko «kar ka», ita ce hani na asali. Abin lura game da ita shi ne «kada» na da wani aiki na biyu:

(5) Riƙe yaron kada ya faɗa rijiya.

A nan ba hani ba ne, gudun wani mugun abu ne. Ma'anonin biyu ba su rabu sarai ba cikin zuciyar mai harshen, shi ya sa duk hanin da aka yi da «kada» yana ɗauke da inuwar gargaɗi: akwai rijiya a gaba. Muna ganin wannan sa'a ce ga mai fassara. Hanin ya rage kama da na ɗan sanda, ya ƙara kama da na wanda ya san hanya.

Matsalar da ta fi wuya ita ce ta jinsi. Faransanci na cewa «tu» ga namiji da mace. Hausa, kamar ibraniyanci da larabci, tana bambanta «ka» da «ki». Nassin asali da namiji tilo yake magana, kuma in an duba da kyau za a ga wane namiji ne: magidanci mai ƴaƴa, mai bayi, mai dabbobi, mai gona. Cikin jerin waɗanda za su huta ranar hutu an ambaci ɗa da ɗiya, bawa da baiwa, dabba da baƙo, ba a ambaci matar gida ba. Cikin hanin ƙyashi kuma matar maƙwabci na cikin abubuwan da aka lissafa. Mai karatun faransanci na iya wuce duk wannan, domin «tu» ya rufe mashi shi. Mai karatun hausa ba ya iyawa. Matar da ke zaune cikin majami'a, ƴar zumuntar mata, tana jin «ka» daga farko har ƙarshe.

Babu ikkilisiyar da ke koyar da cewa dokokin ba su hau kan mata ba, kuma Galatiyawa 3:28 ta kawar da bambancin namiji da mace a gaban Almasihu. Tambayar ta nahawu ce: yaya za a faɗa? In aka ce «ku», an haɗa kowa, amma an yi hasarar abu mai tsada, wato fuskantar mutum shi kaɗai. «Ku» na ba kowa damar ɓuya cikin taro, kamar yadda ɗalibai ke yi in malami ya ce ku yi shiru. In aka ce «ka ko ki» a kowace jimla, nassin ya zama takardar ofis. Mafita da muke ji a bakin masu koyarwa ita ce su karanta yadda aka rubuta, sa'annan su juya su ce da ke ma ake. Wato abin da alƙalami ya kasa, baki ke cikawa. A lura dai cewa umarnin iyaye ya ambaci uwa daidai da uba, kuma a Littafin Firistoci 19:3 uwar ce ma aka fara ambata.

4. Wasu kalmomi

4.1. Nauyi

Aikatau da aka yi umarnin iyaye da shi, «kabbed», daga saiwar k-b-d yake, wadda ma'anarta ta farko nauyi ce. Hausa ta fassara shi da girmamawa, kuma daidai ne. Amma da mai fassara ya so, da ya tarar da kalmar nauyi na jiran sa da ma'anoni biyun da nassin ke bukata: jin nauyin mutum, wato ganin ƙimarsa har ka kasa yi mashi wargi, da ɗaukar nauyinsa, wato ci da sha da suturarsa da maganinsa. Mun saba koya ma yara wannan doka kamar tasu ce, ta durƙusawa da rashin ɗaga murya. To magidanci ake yi ma magana, kamar yadda muka gani a sama, mutumin da iyayensa sun tsufa. Yesu ma haka ya fahimce ta: a Markus 7:9-13 ya zargi waɗanda ke keɓe dukiyarsu da sunan Allah domin su kauce ma taimakon iyaye. A ƙasar da mafi yawan tsofaffi manoma ne da makiyaya, ba su da fansho sai ƴaƴansu, wannan ma'ana ta biyu ba ƙawa ba ce.

A nan ne kuma dokar ta fi ciwo ga kiristan Nijar. Da yawa iyayensu ko kakanninsu musulmi ne, ko masu addinin gargajiya. Uba na iya cewa ɗansa ya bar wannan hanya, in ba haka ba ya fita gidansa. Matiyu 10:37 da Ayyukan Manzanni 5:29 sun sa biyayya ga Allah gaba da biyayya ga mutum, saboda haka girmamawa ba ta nufin yin duk abin da aka ce. Me ya rage ke nan? In girmamawa biyayya ce kawai, babu abin da ya rage. In kuwa nauyi ce, to ɗan da ya ƙi bin umarnin uba game da addini bai sauke buhun hatsin da ke kansa ba, bai sauke kuɗin magani ba, bai sauke zuwa gaisuwa ba, ko da an ƙi amsa mashi.

4.2. Kisa

Ibraniyanci na da aikatau gama-gari na kashewa, «harag», amma ba shi aka sa ba. «Ratsah» aka sa, wanda ba a yin amfani da shi ga dabba. Fassarar faransanci ta Segond ta sa «tuer», wanda ya yi faɗi, wasu na baya suka gyara zuwa «meurtre». Hausa ba ta sha wannan wahala ba, tana da kisankai dabam da kisa, dabam da yanka. Sai dai Littafin Ƙidaya sura 35 ya yi amfani da saiwar nan har ga wanda ya kashe ba da niyya ba. Ke nan iyakar kalmar ta wuce mai wuƙa. Direban da ya san birkinsa ya lalace ya ɗauki fasinja, da mai tallan maganin da ya san jabu ne, ba su yi nisa da ita ba. A Matiyu 5:21-22 Yesu ya ƙara jan iyakar zuwa ciki, ya haɗa fushi da zagi. Game da hukuncin kisa na gwamnati kiristoci ba su zama baki ɗaya ba. Cocin Katolika, da littafin koyarwarta na 1992 ya bar ma abin ƴar kafa, ta rufe kafar a 2018.

4.3. Suna

Hanin ambaton sunan Allah a banza ya faɗo cikin harshen da kusan kowace gaisuwa tasa ke ɗauke da sunan: in Allah ya yarda, Allah ya kiyaye, Allah sarki, don Allah. Mai nazarin harshe zai ce yawancin waɗannan sun daskare. «Don Allah» a yau kalmar ladabi ce, mai faɗin ta ba rantsuwa yake ba. Kalmar ibraniyanci, «shaw», na nufin wofi da kuma ƙarya, don haka inda hanin ya fi cizo shi ne rantsuwa, irin wallahi tallahin da ake yi bisa kuɗin da aka sayo haja. Matiyu 5:33-37 da Yakubu 5:12 sun nemi kirista ya bar rantsuwa ɗungum, i ɗinsa ta isa. Ɗan kasuwar da ya ƙi rantsuwa a inda kowa ke rantsewa, da fari ana ɗaukar sa mai ɓoye wani abu ne.

4.4. Hutu

Asabar daga larabci «as-sabt» take, saiwa ɗaya da «shabbat» ta ibraniyanci. Kiristocin farko sun riƙa taruwa ranar farko ta mako domin tunawa da tashin Yesu, sarki Kustantin ya maida ita ranar hutu a daular Rum a shekara ta 321, mu kuma muka gaji hutun lahadi daga Faransa. Wasu ƙungiyoyi, irin su Adventist, sun riƙe asabar har yau. Ga ma'aikacin gwamnati abin da sauƙi. Ga manomi cikin damina, ko ɗan kasuwar da kasuwar garinsu ke ci lahadi, hutun na da tsada.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne nassin biyu ba su ba da dalili ɗaya ba. Fitowa ta danganta hutun da halittar duniya. Maimaitawar Shari'a ta danganta shi da bauta: bawa da baiwa su huta kamar ubangidansu, domin shi ma kakanninsa bayi ne a Masar. Wato dokar ba ta tsaya ga hutun mai gida ba, tana tambayar sa wa ke aiki domin shi ya huta. Kada a ce zancen bayi ya wuce. Sai a 2003 dokar Nijar ta sa bautarwa cikin manyan laifuka, kuma a 2008 kotun CEDEAO ta kama ƙasar da laifin rashin kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana ƴar shekara 12. Ko an bar wannan, iyalin da suka tafi sujada da fararen kaya suka bar ƴar aiki na daka da wanki tun asuba, sun kiyaye dalilin Fitowa, ba su kiyaye na Maimaitawar Shari'a ba.

4.5. Ƙyashi

Hani na ƙarshe bai shafi wani aiki da ido ke gani ba. Aikatau «hamad» na nufin son abu har zuciya ta fara neman hanyar mallakar sa. Hausa ta wadata a nan: kwaɗayi, sha'awa, haɗama, ƙyashi, hassada. Kwaɗayi na kallon abin, hassada na kallon mai abin, tana so ya rasa. Ƙyashi na tsakani. Ko wacce aka ɗauka, babu alƙalin da zai iya shari'arta, babu shaidu, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa kalmar doka ba ta rufe nassin duka ba. Shi ne hanin da Bulus ya ɗauka a Romawa 7:7 domin ya nuna yadda umarni ke tona abin da ke cikin mutum.

(Mu ɗan ratse: nassin ya siffanta Allah da «qanna», aka fassara da mai kishi. Ga bahaushe kishi na tafe da kishiya, kuma yara kan yi murmushi in sun ji. Amma hoton ba kuskure ba ne, annabawa irin su Yusha'u da aure suka kwatanta alkawarin Allah da jama'arsa. Wanda abin ya dama sai ya tuna muna da kishin ƙasa da kishin zuci.)

5. Maƙwabci

Malaman yahudawa sun ƙidaya umarni 613 cikin Attaura, 365 na hani, 248 na aikatawa. Tun taron Urushalima da ke cikin Ayyukan Manzanni sura 15 aka sauke ma kiristocin da ba yahudawa ba kaciya da mafi yawan ƙa'idodin ibada, amma dokoki goma sun zauna. Da aka tambayi Yesu wace doka ce babba (Matiyu 22:34-40), bai ɗauko ko ɗaya daga cikin goman ba. Ya haɗa Maimaitawar Shari'a 6:5, son Allah, da Littafin Firistoci 19:18, son maƙwabci gwargwadon son kai. Bulus ya bi sawu a Romawa 13:8-10. Ta fuskar nahawu, an tashi daga korewa an koma tabbatarwa, kuma bambancin babba ne: hani na da iyaka, mutum na iya cika shi yana kwance, umarnin ƙauna kuwa ba shi da inda za a ce an gama. Luther, cikin ƙaramin littafin koyarwarsa na 1529, ya bi dokokin ɗaya bayan ɗaya yana juya su haka: rashin sata ya zama taimaka ma mutum ya tsare abinsa, rashin shaidar zur ya zama kare sunansa a bayan idonsa. Paparoma Jean-Paul II ya maimaita batun a wasiƙarsa «Veritatis splendor» ta 1993, inda ya ce hani shi ne iyakar ƙasa, ƙauna ba ta da iyakar sama.

Duk wannan gini bisa kalma guda yake tsaye. Ibraniyanci ya ce «rea», aboki ko ɗan'uwan zama. Girkanci ya ce «plesion», na kusa. Faransanci ya ware kalma ta musamman, «prochain», dabam da «voisin» na unguwa, har ta zama ba a jin ta sai cikin coci, kuma kalmar da ba a ji sai cikin coci ba ta cika takura ma kowa ba. Hausa ba ta da irin wannan. Abin da ke hannun mai fassara biyu ne: ɗan'uwa ko maƙwabci. Ɗan'uwa na da faɗi ta fuskar wuri, yana iya kasancewa a Kano ko Abijan, amma a bakin masu addini, musulmi da kirista duka, yakan tsaya ga wanda kuka haɗa imani. Maƙwabci ƙunci gare shi ta fuskar wuri, wanda kuka haɗa katanga ne ko zaure, amma ba ya tambayar addini. Inda aka zaɓi maƙwabci, muna ganin an dace. Littafin Firistoci 19:34 da kansa ya miƙa wannan ƙauna ga baƙo, kuma labarin Basamariye a Luka 10:25-37, amsa ce ga mai tambayar wane ne maƙwabcinsa, inda wanda ya yi jinƙan ya fito daga jama'ar da mai tambayar ke ƙyama.

Ga kiristan Faransa ana bukatar bayani kafin ya gane cewa «prochain» ya haɗa da wanda ba addininsu ɗaya ba. Ga kiristan Damagaram ko Ƙonni babu bukatar bayani, domin in ya leƙa ta katanga, dama da hagu, musulmi zai gani. Shi ma maƙwabcin nasa ba baƙo ba ne ga abin da ke cikin nassin: Alƙur'ani na da jeri mai kama da shi a suratul An'am 151-153 da suratul Isra'i 22-39, kuma kalmomin zina, shaidar zur da shari'a da kirista ke karantawa, ta hanyar musulunci suka shigo hausa. Haƙƙin maƙwabtaka kuwa babi ne sananne wurin malaman musulunci.

An gwada kalmar a ranakun 16 da 17 ga watan Janairu na 2015, lokacin da zanga-zangar ƙin zanen jaridar Charlie Hebdo ta rikiɗe ta zama tarzoma a Damagaram da Yamai. Mutum 10 suka rasu, kuma a Yamai kaɗai ƴan sanda sun ƙidaya majami'u 45 da aka sa ma wuta. An ba da labarin musulmin da suka ɓoye kiristoci cikin gidajensu, an kuma ji shugabannin ikkilisiyoyi suna kiran mabiyansu da su yafe. Wanda ya tsaya karanta umarnin son maƙwabci a lahadin da ta biyo, cikin ginin da ya ƙone ko a filinsa, yana karanta shi ne ga mutanen da kalmar ke nuna ma fuskoki sanannu: wanda ya buɗe masu ƙofa, da wanda wataƙila suka hango cikin taron, dukansu kuwa hausa maƙwabci take kiran su.